Zaƙin da ke Bayan Goro: Jinjina ga Malam Halliru Mai Moɗa

Shekara talatin da huɗu Malam Halliru bai karya kumallo ranar Alhamis ba. Yakan dawo daga sallar asuba a masallacin unguwarmu nan Gumel, ya zauna a zaure ya yi asuwaki, ya kurkure bakinsa sau uku da ruwan randa, daga nan kuma ba abin da zai taɓa harshensa sai goron da ake jiran ya yi wa hukunci. Mai ɗakinsa, Lauratu, ta daɗe da sanin ƙa'idar. Ba koko, ba ƙosai, kuma miyar daren Laraba ba a sa mata yaji. Kafin rana ta ɗago ya ɗauki ƙaramin tulunsa da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhu, ya rataya moɗarsa ta ƙarfe, ya hau motar Maigatari. Ruwan gidansa yake tafiya da shi, domin a cewarsa ruwan leda ɗanɗanon leda gare shi.

Ina gode wa Allah da ya halicci harshe ya sanya masa sanin ɗaci da zaƙi, ya kuma ɗora masa nauyin shaida. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Na ɗauki alƙalami ne a kan wannan bawan Allah domin tun ranar da ya ajiye aikinsa, wata guda ke nan, zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya. Na buɗe littafi na rufe, na fita ƙofar gida na dawo. Na ga babu abin da zai sauke mini wannan nauyi sai in faɗa wa jama'a abin da na sani game da shi tun yana raye yana ji.

Aikinsa ba shi da suna a ofishin kowa. Shi ba dillali ba ne, bai taɓa sayar da ƙwarya guda ta goro ba. Yana zama ne tsakanin masu kawo goro daga kudu da masu ɗaukarsa su ƙetare da shi Damagaram, kuma dukkansu ba sa ƙulla ciniki sai ya yi magana. Goro abu ne mai yaudarar ido. Wani za ka gan shi jajir, fatarsa sumul, ka ɓare ka tarar sankara ta cinye cikinsa. Wani kuma ya yi yaushi kamar ba zai yi komai ba, alhali shi ne daushe na gaske, wanda ya kwana shekara a ganye har ɗacinsa ya nuna.

Idan aka kwance masa huhu, ba ya ɗaukar na sama. Yakan tura hannu har gwiwa ya zaro uku daga tsakiya. Ya ɓare ɗaya kusa da kunnensa ya saurari ƙararsa, ya shinshina, ya gutsura, ya tauna a hankali idanunsa a ƙasa. Sai ya jira. Masu huhu su yi tsit, masu saye su yi tsit, har mai tura baro yakan tsaya. Sa'an nan ya tsiyaya ruwa a moɗa ya kurɓa sau ɗaya. Duk mai cin goro ya san cewa idan ka sha ruwa bayan ka tauna, wani zaƙi yana tasowa wanda babu shi a goron, babu shi kuma a ruwan. To a kan wannan zaƙi Halliru ya gina aikinsa duka. Daga yadda ya zo, da wuri ko a makare, a gefen harshe ko can maƙogwaro, yakan gane shekarun goro da irin ajiyar da ya samu da kwanakin da zai iya yi a hanya. In ya gyaɗa kai, an gama. In ya ajiye moɗa bai ce komai ba, mai huhu ya san sai ya sauko.

Ba hukunci kaɗai ake nema a wurinsa ba. Masu walima da masu suna da masu karɓar manyan baƙi sukan tambaye shi abin da za a sha da goron da suka saya, shi kuma yana da ra'ayi a kan haka mai tsauri kamar na alƙali. Farin daushe, a ganinsa, abokin tafiyarsa shayin Buzaye ne, amma zubi na biyu, domin na farko ya cika faɗa. Jan goro sabon shigowa ba a haɗa shi da komai sai ruwan randa. Gahawa takan danne ƙaramin goro, sai marsa, wato manyan goro, ce ke iya tsayawa gabanta. Zoɓo kuwa yana kashe zaƙin gaba ɗaya. Wanda ya ci goro a kan fura da nono, Halliru yakan ce da ya ba da goron sadaka ya fi masa lada, tun da nono ya riga ya shafe harshen. Na taɓa jin ya gaya wa wani mai unguwa haka a gaban mutanensa, mai unguwar ya yi dariya har rawaninsa ya goce, amma daga ranar ya raba lokacin furarsa da na goronsa.

Kai ne, Halliru, ka nuna mana cewa abin da muke jefawa a baki muna tafiya muna surutu, shi ma ni'ima ce da ta cancanci a tsaya mata. Na karantar da babin godiya sau da yawa, amma a rumfarka na ga yadda ake yin ta da baki a rufe.

Akwai wata rana da mutanen kasuwa ba su manta ba. Alhaji Abdulfatah, mai manyan motocin da ke ƙetare iyaka, ya dawo daga wata tafiya da ɗan akwatin katako. A ciki an jera taba mai kaurin babban yatsa, ganye zalla aka naɗe da hannu, babu takarda. Ya ce mai tsada ce ƙwarai, kuma a ƙasashen da ake yin ta akwai mutanen da aikinsu irin na Halliru ne: su kunna, su siffanta ɗanɗanonta, su faɗi abin shan da ya dace da kowace iri, har da abubuwan shan da ba zan sa sunansu a takardata ba. Ya miƙa masa ɗaya, rabi wasa rabi gwaji, ya ce a ga ko harshen Gumel zai iya da kayan ƙetare.

Halliru ya karɓa. Ya murza ta a hankali kusa da kunnensa, ya matsa ta da yatsa biyu, ya shinshina daga wannan kai zuwa wancan. Ya ce wanda ya ajiye wannan ganye ya san aikinsa, domin bai bar shi ya bushe ba, bai kuma bar shi ya jiƙe ba, kamar dai yadda ake renon goro. Ya ce yana jin ƙamshin tsohon katako da na ƙasar da ruwan farko ya taɓa, kuma da goro ce da gahawa zai haɗa ta. Alhaji ya rantse cewa abin da aka rubuta a takardar akwatin ke nan. Ya ƙyasta ashana. Halliru ya mayar da tabar gurbinta ya rufe akwatin.

"Alhaji, harshen nan ba nawa ba ne ni kaɗai," in ji shi. "Ajiyar mutanen kasuwa ce. In na ƙona shi yau, da me zan yi musu shaida mako mai zuwa?"

Bai yi masa wa'azi ba, alhali ya san abin da malamai suka faɗa a kan taba. Ya faɗi gaskiyar ganyen, ya kuma tsare amanarsa. Na so a ce labarin ya tsaya a nan, domin daga nan ne abin da ya hana ni sakat ya fara.

Akwai wani mutumin Gagarawa da ake kira Dogo, manomin wake ne, da rani kuma yakan juya abin da ya noma zuwa fataucin goro. Shi da Halliru abokan tsokana ne na shekaru. Halliru yakan ce Dogo yana cin goro kamar akuya ta samu ɓawon rogo, Dogo kuma ya ce Halliru ya mayar da tauna sana'a don tsoron fartanya. A bazarar bara, lokacin da zafi ya kai mutum ya taka ƙasa ya ɗage ƙafa, Dogo ya tara huhu ashirin na daushe mai kyau, duk amfanin gonarsa na shekara yana ciki. Goro a irin wannan zafi sai ana yayyafa wa ganyensa ruwa, kuma da hannu ake yi, huhu bayan huhu. Dogo ya ga aikin ya yi masa yawa. Ya dubi famfon da yake goyawa yana yi wa wake feshin maganin ƙwari, ya ce ai wannan ya fi hannu sauri da daidaito. Ya wanke shi da sabulu sau biyu, ya cika shi da ruwa, ya fara. Ya yi wasu huhuna ke nan famfon ya toshe, ya ƙarasa sauran da hannu. Da aka zo lodi aka cakuɗa su, shi kansa bai san wanne ne wanne ba.

Ranar Alhamis aka kwance huhun farko gaban masu saye daga Damagaram. Waɗanda suke wurin sun ce goro ne wanda ido ba ya gajiya da kallonsa. Halliru ya ɓare, ƙara ta yi daidai. Ya tauna, ya kurɓi ruwa, ya jira. Zaƙi bai zo ba. Abin da ya zo, kamar yadda ya gaya mini daga baya, ji ya yi kamar ya lashi wuƙa, sa'an nan gefen harshensa ya yi nauyi. Ya furzar, ya ja Dogo gefe ya tambaye shi da me ya ba goron ruwa. Dogo bai ɓoye ba, har da alfahari ya ba da labarin dabararsa, domin bai ɗauka laifi ba ne.

Halliru ya ce wannan goro ba zai shiga bakin mutane ba. Dogo ya roƙe shi, ya tuna masa zumunci, ya ce an wanke famfon, ya ce ko da akwai saura ai kaɗan ne. Halliru ya ce tsofaffi ne za su ci, da masu jego da za a kai wa na suna, kuma ba zai gyaɗa kai ba.

A nan yana da hanya mai sauƙi. Da ya ce duka ashirin ɗin sun ɓaci, ya rataya moɗarsa ya koma gida, babu mai zarginsa a duniya, kuma ban ga abin da za a kama shi da shi a shari'a ba. Amma ya dubi Dogo, ya ga mutumin da noman shekararsa ke shirin zama shara. Sai ya sa aka kwance huhunan duka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sama da tsakiya da ƙasa, yana taunawa yana kurɓa yana furzarwa yana kurkure baki. Ruwan tulunsa ya ƙare, aka nemo na randar wani gida. Ya tashi ya yi azahar ya dawo. Alhaji Abdulfatah, wanda ya tsaya a kansa, ya ce wajen huhu na goma sha biyar leɓunansa sun kumbura, aka ce ya bari haka nan, ya ɗaga hannu ya ci gaba. Kafin la'asar ya ware goma sha uku masu lafiya, bakwai kuma aka kai bayan gari aka binne. Dogo bai ga goma sha ukun da aka tsamo masa ba, bakwan kawai ya gani. Ya yi wata huɗu ba ya amsa sallamar Halliru.

Lauratu ce ta fara lura. Wata rana ta manta ba ta sa gishiri a miya ba, ya cinye ya ce ta yi daɗi. Bayan kwana biyu ta dama masa kunun tsamiya babu tsamiyar, da gangan, ya shanye ya yi hamdala. Ta ce ta koma madafa ta zauna a kan turmi ta rasa abin da za ta yi da hannuwanta. Likitan da suka gani ya ce yana iya zama abin da ya tauna ran nan, yana iya zama shekaru, ba zai iya yankewa ba. Allah ne mafi sani.

Kusan shekara guda ya ci gaba da zuwa Maigatari. Ido yana nan, kunne yana nan, yatsu sun san aikinsu, kuma iyakar sanin kowa bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Yakan tauna, ya ɗaga moɗa, ya kurɓa, jama'a su zuba wa maƙogwaronsa ido, ya gyaɗa kai. Ban da likitan, ba wanda ya sani sai shi da matarsa da Ubangijinsu.

Wata Talata bayan la'asar ya same ni a zaure bayan masu ɗaukar karatu sun watse. Ya zauna nesa da buzuna fiye da yadda ya saba, ya faɗa mini komai, ya tambayi hukuncin abin da yake karɓa a kan aikin. Ina shaida wa mai karatu cewa na nema masa sauƙi. Na san ba shi da gona, ba shi da wata sana'a, kuma ya haura sittin. Na ce ƙwarewa ake biya, ƙwarewarsa kuma ba ta tafi ba. Na ce hukuncinsa yana fitowa daidai, ba a cuci kowa ba. Ya saurara har na gama.

"Allah ya gafarta Malam, ba hukuncin goron nake tambaya ba," ya ce. "Kurɓin ruwan nan nake tambaya. In na kurɓa na gyaɗa kai, me na ce musu? Kuma in wani ya sake kawo irin na Dogo, ido ba ya ganinsa."

Daga ƙarshe na faɗa masa abin da ya riga ya sani kafin ya zo: gyaɗa kai a gaban masu jiran shaida shaida ce, kuma ba a shaidar abin da ba a halarta ba. Ya yi godiya kamar na ba shi kyauta, ya sa takalmansa.

Alhamis ɗin da ta biyo na bi shi Maigatari, domin na kasa zama. Da na je ƙofar gidansa na same shi yana shan koko da ƙosai, Lauratu ta turo masa yaji a ɗan kwano, yana dangwala yana ci ba tare da ya ji komai ba. Da aka kwance masa huhun farko, mutane suka taru kamar kullum, sai ya ɗauki moɗarsa ya kife ta a kan ganyen.

"Jama'a, shekara guda ke nan ban ji zaƙin nan ba. Da ido da hannu nake yi muku aiki, kuna zaton harshe ne. Ku yafe mini. Daga yau ku nemi wani."

Ba zan ce kowa ya yaba ba. Wani daga cikin masu saye ya ce ashe shekara guda ana wasa da hankalinsu. Wasu suka ce ya ci gaba a haka, sun yarda da idonsa, ya ƙi. Ana cikin wannan sai Dogo ya ratso mutane, ya tsaya a kansa, ya daɗe yana kallon moɗar. Shi ya fi kowa a wurin sanin inda harshen ya tafi. Ya durƙusa, duk tsawonsa, ya ɗauke ta ya juyo da bakinta sama. Ya ce shi zai tauna ya kurɓa, Halliru ya riƙa tambayarsa abin da ya ji.

Halliru ya dube shi sama da ƙasa, ya ce harshen da barkono ya gama da shi tun zamanin samartaka ne za a ɗora wa kasuwa? Dogo ya ce akuya ma in ta samu malami tana koyo. Mutane suka yi dariya, Dogo kuwa hawaye ne a fuskarsa, bai share ba.

Yau Halliru ba ya zuwa Maigatari. Dogo ne, da furfurarsa, yake kwana Laraba babu yaji, ya biyo ta Gumel da sassafe ya ɗebi ruwan randar Lauratu, in ya dawo da yamma ya zauna a zaure ana yi masa tambayoyi kamar ɗalibi. Bai iya ba tukuna. Halliru ya ce sai nan da shekara biyar, in Allah ya kai rai, kuma wannan ma yana cikin abin da ke tayar mini da hankali, domin a tsakanin nan huhuna nawa ne za su ƙetare iyaka ba tare da harshen da zai tsare su ba?

Jiya na je gaishe shi. Ya ɓare farin daushe ya ba ni, ya tsiyaya mini ruwa, ya zuba mini ido. Na tauna na kurɓa. Ya tambaye ni ko ya zo, na ce ya zo. Ya ce daga ina ya fara, gefen harshe ko maƙogwaro? Shekara sittin ina cin goro, ban sani ba. Sai da na sake kurɓa. Ya yi murmushi ya ce in yi a hankali, yana ji ta bakina.

Halliru mai moɗa, ma'aunin da bai karkata don aboki ba, bai kuma karkata don kansa ba. Kai ne ka ƙi ƙona harshenka don marmari, ka ba da shi don kada goron ɗan'uwanka ya tafi duka, kuma don kada guba ta shiga bakin wanda ba ka taɓa gani ba. Da ya tafi kuma ka faɗa da bakinka, a ranar da babu mai iya kama ka. Mun gode. Allah ya saka maka da abin shan da zaƙinsa ba ya yankewa, ya saka wa Lauratu da ta riƙe sirrinka ba ta tura ka ga ƙarya ba, ya buɗa muku ƙofar arziki ta inda ba ku zata ba. Mutanen Gumel da na Maigatari, kun san zaurensa, kada ku bari sai an ce ya rasu sa'an nan ku taru a ciki.

Kira na ga duk wanda mutane ke jiran gyaɗa kansa, liman ne ko mai duba marasa lafiya ko mai awo ko mai gyaran mota, ya tambayi kansa ko har yanzu yana jin abin da yake shaidawa. Ban cire kaina ba. Idona ya daina ganin ƙananan rubutun gefen littafi tun bara, da ka nake karantowa ina kallon shafi, ɗalibai suna zaton dubawa nake yi. Gobe bayan asuba, in Allah ya yarda, zan rufe littafin a gabansu in faɗa musu, kamar yadda Halliru ya kife moɗarsa.